Kalmar da Ka Sa a Ƙarƙashin Hotonka

Zuwa ga ɗana Dogo,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ni mahaifiyarka da duk mutanen gida. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, cikin lafiya da rufin asiri. Ya tsare ka a wurin aiki da wurin kwana, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu zuga, amin.

Bari in fara ba ka labarin gida, don na san shi za ka fara nema. Kakarku lafiyarta ƙalau, tana cin abinci tana faɗa, sai dai kunnen ya ƙara nauyi, yanzu in kana son gaya mata sirri sai duk unguwa ta ji. Yayarka ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta koma aikinta na jinya, amma jaririnta yana haƙori, ya hana kowa sakat. Auta lafiya lau, ta gama jarrabawa, waya kuwa ba ta barin hannunta ko a bakin murhu. Kawunka mai gyaran keke ya yanke a babban yatsa, an ɗaure, yana aiki da hannu ɗaya yana ba da labari da ɗayan. Ni ma alhamdu lillahi, idona ne kawai yake neman canjin tabarau. Wanda ba shi da lafiya shi ne babanka, kuma ka san ciwon, bayan nan ne dai. Kwanakin nan ya ɗan matsa masa, da safe sai an kama shi kafin ya sauko daga gado. In rana ta ɗaga yakan fito da sandarsa ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida, a kanta yake salla, a kanta yake sauraron rediyo.

Za ka ce me ya sa Mama ta ɗauki biro bayan ga waya. Dalili kuwa shi ne a waya kana cutata. Da na ce yaya aiki sai ka ce da godiya, da na ce yaya jiki sai ka kawo wani abin dariya, in yi ta dariya har kati ya ƙare, sai na ajiye in tuna ban faɗi abin da ya sa na kira ba. A takarda ba ka da bakin katse ni. Ka yi haƙuri da layukan da suke gangarawa ƙasa, ka san hannun da ya koyi rubutu bayan ya aurar da 'ya ba zai miƙe kamar na 'yan makaranta ba. Amma kowane harafi nawa ne, ban ba Auta ta rubuta mini ba, don maganar tsakanina da kai ce.

Ranar nan ina guga Auta ta zo da waya tana murna, ta ce in zo in ga ɗana ya sa hoto. Na ajiye dutsen guga na sa tabarau. Ga ka a bakin ƙofar sito, buhuna a bayanka jibge har rufi, safar hannunka ta yage a yatsu, rigar ta jiƙe sharkaf, kana murmushin nan naka. Na ji daɗin ganinka, ba zan ɓoye ba. Sai na ga rubutu a ƙarƙashin hoton, kalma guda tal ta Turanci. Na hana Auta karanta mini, na bi haruffan da kaina ɗaya bayan ɗaya, na kuma kwafe su a bayan kwalin sabulu: toil. Auta ta yi ta tsokana wai Mama ta zama Baturiya, saura hula. Na tambaye ta ma'ana ta ce ai aiki ne kawai, ta karɓe wayarta ta wuce. Ban gamsu ba. Kalmar aiki ta Turanci an koya mana ita a aji, na san ta, kuma ba wannan ba ce. In da aiki kawai kake nufi, da waccan ka rubuta.

Da ranar ajinmu na manya ta zo na tafi da kwalin a jaka. Bayan an tashi na tsaya na nuna wa Malama. Ka san Malamarmu ba ta raina tambaya. Ta ciro ƙamus daga durowa, ta buɗe, ta karanta, sannan ta juya mini da Hausa. Ta ce kalmar tana nufin aikin ƙarfi mai cinye jiki, wanda ake daɗewa ana yi, ba irin wanda mutum zai ɗan yi gumi ya sha ruwa ya ware ba. Ta ce ita ake faɗa wa aikin masu haƙa a cikin rami, da masu noma tun safe a tsakar rana, da masu fasa dutse. Har mutumin da yake hawan tudu da kaya a ka, yana jan ƙafa da ƙyar, da ita ake kwatanta tafiyarsa. Na tambaye ta ko masu harshen suna faɗarta kullum a hira, kamar yadda mu muke cewa na gaji. Ta ce ba sosai ba, ta fi zama a littafi da bakin masu jawabi, kalma ce mai nauyi. Amma ta ƙara da cewa kada in tayar da hankalina, don wani lokaci har mai zaman ofis a ƙarƙashin fanka yakan ɗauko ta don wasa ko don ya kambama gajiyarsa, kuma samarin yanzu suna son sa babbar kalma a ƙarƙashin hoto don a ce sun iya.

Na yi mata godiya, kuma a hanyar gida na auna maganarta, don tana da gaskiyarta. Akwai samari masu haka. Amma ita ba ta san ka ba, ni na haife ka. Kai ba mai kambama ciwo ba ne, mai rage shi ne. Lokacin da ka faɗo daga katangar makaranta, ka shigo gida da hannu yana reto, ka ce mini wai ɗan gurɗewa ne, har ka nemi abinci, sai da aka kai ka asibiti aka ga karaya. Yaron da ya kira karaya gurɗewa, in ya je ya zaɓo kalma mafi nauyi a harshen wasu ya liƙa wa kansa, to ba ado yake yi ba. Abin da ka kasa gaya mini da Hausa ne ka faɗa da Turanci, a inda kake zaton idona ba zai kai ba. To ya kai, kuɗin makarantar manya bai tafi a banza ba.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ba tsoron aiki nake maka ba, kuma ban haife ka don zaman inuwa ba. Da wankin mutane da gugarsu na taimaka aka raine ku, na san yadda hannu yake tsagewa da sabulu, na san yadda kafaɗa take yi in an wuni ana matse bargo. Amma waccan gajiya ce da barci yake wankewa, ka kwanta kamar gawa ka tashi sabo. Ita ba na jin ta, har ina ganin tana ƙara wa abinci daɗi. Akwai wata kuma wadda ba ta tafiya da barci, ka kwanta da ita ka tashi da ita, gobe ka ɗora wata a kanta. Da Malama take bayani, wannan ta biyun na ji tana kwatantawa, kuma na san ta, don na zauna da ita a ɗaki ɗaya, a jikin babanka.

Duk da haka da na yi shiru na bar abin a addu'a, sai ga uwar abokinka Guntu ta kawo mini ɗinkin da na ba ta. Ta zauna muka taɓa hira, bakinta har kunne. Ta ce Guntu ya gaya mata a waya cewa a wurin aikinku ba mai kiranka Dogo, Inji suke ce maka. Wai buhun da mutum biyu suke kamawa, kai kaɗai kake sunkuyawa ka ɗauko shi daga ƙasa ka aza a kafaɗa. Wai in babbar mota ta tsaya, sauran sai su ja gefe suna tafi suna kiran sunan, shugaban aikinku kuma yana nuna ka yana ce wa sababbi su yi koyi da kai. Ta ce lallai na haifi ɗa. A cikin hirar ne kuma ya kuɓuce mata cewa kowace safiya kukan biya kemis ku haɗiyi ƙwayar kashe ciwo kafin ku shiga. Baiwar Allah da zuciya ɗaya ta faɗa, albishir take ganin ta kawo. Na yi mata dariyar da ta kamata, na raka ta ƙofa, na dawo na zauna a bakin gado. Na taɓa jin wannan labarin kalma da kalma, sunan kawai aka canja.

Kai ka buɗi ido ka ga babanka a kujera, don haka kana zaton haka Allah Ya yi shi. Tambayi yayarka, ita ta tuna lokacin da yake ɗora ta a wuya ya zaga da ita unguwa. Da na aure shi, a wurin lodi na babbar kasuwa ba ɗan dakon da ya kai shi. Giwa suke ce masa. Tsarin aikinsu a lokacin shi ne mutum uku uku, biyu su kama kunnuwan buhu su ɗaga, na uku ya juya baya ya karɓa ya kai, in an jima a yi canji, mai ɗauka ya koma ɗagawa. Ba wanda yake taɓa buhu daga ƙasa shi kaɗai, don tsofaffin cikinsu sun san ɗagowa daga ƙasa ita ce mai cin baya, ba tafiya da kayan ba. Babanka ya ga yana da ƙarfin da zai iya ba tare da kowa ba, ya gwada sau ɗaya aka yi masa tafi, shi ke nan. Abokan aikinsa suka ji daɗi, tunda hutu ya same su. Masu kaya suka riƙa nemansa da suna. Ya dawo gida yana ba ni labari yana dariya, ƙirji a buɗe.

Kuma ka san ba a ƙarƙashin buhu ya faɗi ba. Wata safiya ce, yana shirin fita, hularsa ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka. Bai miƙe ba. A haka na same shi, hannu ɗaya a bango, gumi yana zuba, ya kasa ko kiran sunana. Likita ya ce ba hular ba ce, abin ya daɗe yana taruwa, ranar ce kawai ya cika. Masu tafin nan sun zo dubiya, ban ce ba su zo ba, mutanen kirki ne, wasunsu har yau suna leƙowa. Amma in sun gama gaisuwa sukan miƙe tsaye da bayansu lafiya su tafi, shi kuma ya bi su da ido. Ɗaya daga cikinsu, wanda a da ake yi wa dariya wai rago ne don ba ya taɓa buhu sai an kama masa, har yanzu yana wurin lodin, da furfurarsa, shi ne ma babbansu.

Na yi ta juya ko in nuna wa babanka hoton ko in bari, don ba na son ƙara masa damuwa. Daga baya na ga ba ni da hurumin ɓoye masa, ɗansa ne, kuma shi ya san aikin, ni a gefe na gani. Da la'asar yana kujerarsa na sa Auta ta kai masa wayar, ban gaya masa komai na uwar Guntu ba tukuna. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Bai kula da murmushin ba. Ya ce Auta ta ƙara masa girman wajen kafaɗa, ta ƙara. Ya ce ta gangara ƙafa, ta gangara. Sai ya miƙa mata wayar ya dube ni ya ce, "Shi kaɗai yake ɗagawa, kuma ciwon ya fara sauka ƙafar hagu." Na ce ta yaya ya sani. Ya ce in duba yadda ka ɗora nauyinka duka a ƙafar dama, da yadda ka tura hannu bayan ƙugu kamar mai yanga, shi ma haka ya riƙa tsayawa kafin hular ta faɗi. Ka gaya mini in ƙarya ya yi.

Sannan ya tambayi rubutun da ke ƙasa, na gaya masa abin da Malama ta ce, duka, har da mai hawan tudu. Ya ɗan yi dariya ya ce ashe masu harshen ma suna da 'yan dako a can, don wanda ya ƙirƙiro kalmar nan ya taɓa ɗaukar kaya. Daga nan ya ce in kawo takarda, akwai saƙo. Ka san babanka ba mai doguwar magana ba ne, amma ranar sai da na ce ya dakata hannuna ya huta.

Ya ce in gaya maka ka nemi abokin ɗagawa tun gobe, kuma ka nemi mai tsayinka. Ya ce ban da Guntu, ba don ba ya ƙaunarsa ba, sai don in kai da shi kuka kama buhu, nauyin duk zai gangara kan yaron mutane, ka kashe shi a banza, kai kuma ka wuni a sunkuye kana neman daidai da shi. Ku kama tare, ɗaya ya ba da murya, ku ɗaga a numfashi ɗaya. In za ka sauka wa kaya, da gwiwa za ka sauka ba da ƙugu ba, ka jawo kayan jikin ƙirjinka kafin ka miƙe. Ya nanata wata har sau nawa, wai kada ka taɓa murɗa jiki da kaya a kanka, in za ka juya ka juya da ƙafafu gaba ɗaya kamar soja. Ya ce ya san za ka ga hakan yana ɓata lokaci, kuma a ranar farko mota za ta fi daɗewa kafin ta zama wayam, amma wanda yake ɗagawa da abokin aiki yana nan a bakin sito shekara da shekaru, shi kuma ga inda saurin ya ajiye shi.

Game da ƙwaya kuwa, da na gaya masa sai ransa ya ɓaci, ya ce ita ce ta fi cutarsa. Ciwo shi ne yake gaya wa mutum ya tsaya, ƙwayar kuma rufe masa baki kawai take yi, ɓarnar tana ci gaba a ciki. Na tambayi yayarka, tunda aikinta ne, ta ce gaskiya ne, kuma shan ta kullum ba bisa umarnin likita ba yana iya taɓa ciki da ƙoda. Ta ce in tambaye ka, kuma ka amsa tsakaninka da Allah: ciwon yana tsayawa a ƙugu ne ko yana bin bayan cinya ya gangara? Kana jin ƙafar tana mutuwa, ko kamar ana tsira maka allura a yatsu? Ta ce in akwai ko ɗaya, ba maganar man zafi ba ce ko a taka maka baya, asibiti za ka je a duba ka. Ta kuma ce in gaya maka wanda ya je da wuri, yawanci da hutu da motsa jikin da za a koya masa yake warwarewa. Wannan ce ta kwantar mini da hankali. Ba mu makara ba, Dogo. Kana da ƙuruciya, jikinka yana gyaruwa, abin da ya rage kawai ka daina ƙara masa.

Na san abin da yake ranka, don na san ka. Kana ganin in ka ce a kama maka, sunan zai faɗi, waɗanda suke tafi su koma dariya, shugaba kuma ya canja maka fuska. Za su yi dariyar, kada ka yi shakka. Su yi. Babanka ya ce in sun kira ka Inji ka amsa musu da fara'a, ka ce ai inji ma ana zuba masa mai, ana kashe shi ya huce, in wani abu ya lalace a je kanti a sayo sabo a ɗaura, su nuna maka kantin da ake sayar da gadon baya. Ya ce dariyar 'yan dako ba ta daɗewa, da wani ya zame ya faɗi a gaban mai sayar da ruwa za su manta da kai su koma kansa. Shi kuma shugaban, kada ka tare shi a gaban mutane lokacin da mota take jira, don a nan dole ya nuna shi ne babba. Ka same shi da sassafe shi kaɗai, ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa kana son aikin kuma kana son daɗewa a cikinsa, don haka daga yau bibbiyu za ku riƙa ɗagawa. Mai hankali zai gane ribarsa ce. Ma'aikacin da yake zuwa kullum ya fi masa wanda zai burge shi wata biyu ya kwanta.

In kuma ba mai hankali ba ne, ya ce sai dai ka ci gaba yadda ka saba ko ka bar masa wurinsa, to ka bar masa. Da bakina na faɗa, ga shi kuma a rubuce. Ba shi kaɗai yake da sito a duniya ba, kuma mutum mai lafiya da gaskiya irinka ba ya rasa inda zai sa hannu. Kada ka tsaya don abin da kake aiko mana. Muna jin daɗinsa, Allah Ya yi maka albarka, amma kafin ka fara aikowa ba mu kwana da yunwa ba. Yayarka tana aiki, ni dutsen gugata bai huce ba, kawunka ma yana leƙo mu. Kujera ɗaya ce a tsakar gidan nan, kuma ba na son a sayo ta biyu.

Kakarku ta ji muna maganar, ko in ce ta ji rabinta, ta ce a gaya wa mijinta na birni ya daina wahalar da kansa, in tara kuɗin aurenta yake yi ta yafe, ta karɓe shi a haka. Tana gaishe ka da kyau. Babanka yana gaishe ka, ya ce bai yi fushi ba, ya san daɗin tafi. Yayarka da mijinta suna gaisuwa, haka kawunka da iyalinsa, da Gwaggo ta bayan masallaci wadda kullum sai ta tambayi ko ka yi ƙiba. Auta ta ce in gaya maka ba ita ta kai ƙararka ba, hoto kawai ta nuna, kada ka fasa mata alkawarin takalmi. Malama ma ta ce a gaida mai Turanci. Ka gaishe mini da Guntu, kada ka yi masa faɗa, yabonka ya yi, uwarsa ma haka. Ka gaida mai gidan da kuke haya da matarsa, ka yi musu godiyar riƙon da suke muku.

Takardar nan maƙwabcinmu direban babbar mota zai kawo maka, tunda hanyarsa ce, shi kuma zai dawo mini da amsa. Da hannunka nake son ka rubuta, da Hausa, da manyan haruffa yadda zan karanta ba sai na nemi kowa ba. Ka faɗa mini abin da likita ya ce, ka kuma rubuto mini sunan wanda kuke ɗagawa tare, don in riƙa sa shi a addu'a. Kada ka kira ni a waya ka ce an gama komai, ba zan karɓa ba. Direban zai sake lodi zuwa wajenku ranar Larabar farko ta watan gobe, ina son amsarka ta riga wannan ranar zuwa hannuna. In ba ta zo ba, na riga na yi magana da shi ya ajiye mini kujerar gaba, babanka kuma ya ba ni izini. Zan sauka a ƙofar siton nan da tsakar rana, in ɗaura ɗamara, in kama maka ɗaya kunnen buhun da kaina a gaban abokanka da shugabanku, mu ɗaga tare har a tashi. Ka san zan iya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya riƙa maka.

Ni ce mahaifiyarka, mai jiran amsa kafin Laraba.